Kaskon Kare da Haƙoransa: Wa Ke Biyan Kuɗin Ajiye Karnuka?

A shekarar 2009 wasu malaman jami'a biyu a ƙasar Niyuzilan, Robert Vale da matarsa Brenda, suka fitar da littafin da tun daga takensa ya tayar da ƙura, domin tambaya yake yi ko lokaci ya yi da za a cinye karen gida. Cin karen tsokana ce kawai, amma lissafin da ke cikin littafin da gaske suka yi shi. A cewarsu, filin da ake buƙata don samar da abincin matsakaicin kare guda a shekara ya ninka wanda ake buƙata don ƙera mota ƙirar Land Cruiser da tuƙa ta kilomita 10,000. Masu suka sun yi musu ca, kuma suna da gaskiya a wurare da dama, don an kumbura abin da karen ke ci, an kuma sassauta wa motar. Sai dai tambayar da suka tayar ba ta kwanta ba har yau, kuma binciken da ya biyo baya ya fi nasu inganci. Abin da binciken ke nunawa, a ganina, shi ne cewa amfanin kare na gaske ne, ɓarnarsa ma ta gaske ce, amma ba kan mutum ɗaya suke sauka ba. Amfanin yana tsayawa ga mai kare, ɓarnar kuwa maƙwabci da kogi da namun daji ne ke ɗaukarta. Ajiye kare yana da hujja ne gwargwadon yadda mai shi ya yarda ya janyo wannan nauyi ya ɗora wa kansa.

Kiyasin masana ya nuna akwai karnuka tsakanin miliyan 700 zuwa biliyan ɗaya a duniya, kuma kusan kashi uku cikin huɗu nasu suna yawo ne ba igiya ba shinge, ko da kuwa suna da gidan da suke komawa da dare. Ke nan karnukan duniya iri biyu ne idan ana maganar muhalli. Akwai karen ƙasashe masu wadata, wanda ke kwana a falo, ana sayo masa abinci a buhu ko a gwangwani, ana kai shi wurin likita. Akwai kuma karen ƙauye da na lungunan birane a Afirka da Asiya da Kudancin Amurka, wanda ke rayuwa da ƙanzo da abin da ya tsinta a bola. Na farko kaskonsa ne ke ɓarna, na biyu haƙoransa da cututtukansa. Wanda ya haɗa su cikin lissafi ɗaya zai zalunci ɗayansu.

Kaskon shi ne ya fi samun masu aunawa. A 2017 wani malami a Jami'ar Kaliforniya da ke Los Anjalos, Gregory Okin, ya lissafa abin da karnuka da kyanwoyin Amurka su miliyan 163 ke ci. Ya gano cewa su ke da alhakin kashi 25 zuwa 30 cikin ɗari na illar da samar da nama ke yi wa muhalli a ƙasar, kuma abincinsu na haddasa fitar iskar da ke ɗumama duniya kwatankwacin tan miliyan 64 na iskar kabon kowace shekara. Da a ce waɗannan dabbobi ƙasa ce mai zaman kanta, in ji lissafinsa, da ita ce ta biyar a duniya wajen cin nama, ba wanda ya fi ta sai Rasha da Barazil da Amurka da Sin. Bayan shekara uku wasu masu bincike a Jami'ar Fasaha ta Balin suka bi rayuwar kare guda daga haihuwa zuwa mutuwa, kare mai nauyin kilo 15 da ya yi shekara 13. Suka samu kimanin tan 8.2, wato wajen kilo 630 a shekara, kuma mafi yawan wannan daga abinci ne. Wannan adadi ya yi kusa da iskar kabon da matsakaicin ɗan Nijeriya ke fitarwa a shekara ta hanyar ƙona fetur da gas da sauran makamashi, ya kuma ninka na matsakaicin ɗan Nijar sau da yawa. Ma'aunan biyu ba iri ɗaya ba ne sak, don na karen ya haɗa da iskar da shanu ke fitarwa, amma kwatancin ya isa ya sa mutum ya yi shiru na ɗan lokaci.

Masu sarrafa abincin dabbobi suna da amsa, kuma ba amsar banza ba ce. Sun ce abin da ake zuba wa kare ragowar mayanka ce, wato huhu da hanji da saifa da ƙashi da kitse, abubuwan da mutanensu ba sa ci. Ba don kare aka yanka saniyar ba, don haka ɗora masa alhakin kiwonta zalunci ne, kuma da bai cinye ba da zubarwa za a yi. Wannan ya sa wasu masana a Jami'ar Edinbara, ƙarƙashin Peter Alexander, suka sake lissafin a 2020, suka raba alhakin gwargwadon farashin kowane sashe na dabbar, ta yadda huhu ba zai ɗauki nauyin da tsoka ke ɗauka ba. Adadin ya sauko ƙwarai, amma bai ɓace ba. Busasshen abincin karnuka da kyanwoyi na duniya kaɗai yana cin filin noma hekta miliyan 49, ninkin faɗin Birtaniya, yana kuma fitar da kimanin tan miliyan 106 a shekara. Akwai kuma abin da wannan amsa ke ɓoyewa. Abin da Ba'amurke ke kira ragowa, a kwatar Kano ko ta Damagaram kayan ciki ne da kai da ƙafa da ganda, kuma kuɗi ake sa wa a saya. Al'ada ce ke yanke hukuncin abin da ya zama shara, ba cikin ɗan'adam ba. Banda haka, kasuwar ta juya. Masu karnuka a ƙasashe masu wadata suna ƙara neman abincin da aka yi da tsokar da mutum zai iya ci, ko ɗanyen nama, ko na gwangwani mai romo. Wani bincike na Jami'ar Sawo Pawulo a Barazil a 2022 ya nuna cewa kare mai kilo 10 da ke cin busasshen abinci yana haddasa kimanin kilo 830 a shekara, amma in abincin gwangwani yake ci, adadin ya haura kilo 6,500. Kare ɗaya ne, ƙoshi ɗaya ne, bambancin kusan ninki takwas yana hannun wanda ya je kanti. Fiye da rabin karnukan Amurka ma ƙiba ta yi musu yawa, abin da ke nufin wani ɓangare na wannan nama cuta yake zame wa mai cinsa.

Abin da ya shiga kasko dole ya fita. A 2022 masana a Jami'ar Gent ta Beljiyam suka ƙirga karnukan da ake kaiwa yawo a gandayen dajin da ke kewaye da birnin, suka kiyasta cewa kashi da fitsarinsu na zuba kilo 11 na sinadarin naitirojin da kilo 5 na fosforos a kowace hekta a shekara. Manomi zai ce ai wannan taki ne, kuma haka ne a gona. Amma a dajin da aka keɓe don tsirrai masu son ƙasa mara ƙarfi, takin yana ba ciyayi masu haɗama dama su shaƙe sauran. A Ingila kuma, binciken Jami'ar Sasseks na 2020 ya duba ruwan koguna 20, ya tarar da maganin ƙwari mai suna fipronil a kashi 98 cikin ɗari na samfurorin, imidacloprid kuma a kashi 66. Magunguna ne da aka hana ko aka taƙaita amfani da su a gonakin Turai saboda illarsu ga ƙudan zuma, amma ana ci gaba da ɗiga su a wuyan karnuka da kyanwoyi don kashe ƙuma da kaska, sau da yawa kowane wata ko da dabbar ba ta da ƙuma ko ɗaya. Daga wankan kare da wankin shimfiɗarsa da hannun mai shi sukan bi magudana su faɗa kogi, inda suke kashe ƙananan ƙwarin ruwa da kifi da tsuntsaye ke ci.

Haƙoran kuwa labarinsu ya fi muni, ko da yake ba a cika ba da shi ba. Wani nazari da Tim Doherty da abokan aikinsa suka wallafa a 2017 ya nuna karnuka na da hannu a ƙarewar nau'o'in dabbobi 11 daga doron ƙasa, suna kuma barazana ga aƙalla 188. Cikin dabbobi masu shayarwa masu farauta da ɗan'adam ya yaɗa a duniya, kyanwa da ɓeraye ne kaɗai suka fi kare ɓarna. A 1987, a dajin Waitangi na Niyuzilan, karya guda ta yi makonni tana farautar kiwi, wani tsuntsu da ba ya tashi, kuma an kiyasta ta kashe kusan 500 cikin 900 da ke dajin kafin a harbe ta. Ko karen da ke ɗaure da igiya bai kuɓuta daga zargi ba. Wani gwaji da aka yi a dazuzzukan kusa da Sidni a Ostareliya a 2007 ya nuna cewa ratsawa da kare kawai tana rage yawan tsuntsayen da ake gani a wurin da kashi 41 cikin ɗari, don tsuntsu bai san igiya ba, mafarauci kawai yake gani.

A Afirka cuta ta fi cizo kisa. A 1994 wata cutar karnuka, dangin ƙyanda, ta tsallaka daga ƙauyukan da ke kewaye da gandun dajin Serengeti na Tanzaniya ta kashe zakuna kusan 1,000, wato sulusin zakunan yankin. A tsaunukan Bale na Habasha, kyarkecin ƙasar, wanda duk duniya bai kai 500 ba, yana faɗawa annobar haukan kare lokaci bayan lokaci, kuma daga karnukan makiyaya take zuwa. Ita wannan cuta ba namun daji kaɗai take ci ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta kiyasta tana kashe mutane kusan 59,000 a shekara, kashi 95 cikin ɗari a Afirka da Asiya, kusan dukkansu ta hanyar cizon kare, kuma wajen huɗu cikin goma yara ne 'yan ƙasa da shekara 15. Da zarar alamunta sun bayyana, kusan ba wanda ke tashi. A Cadi kuma karnuka sun zama ƙarfen ƙafa ga yaƙin da duniya ke yi da kurkunu. Cutar da ta kama mutum miliyan 3.5 a 1986 ta ragu zuwa mutum 14 a 2023, Nijeriya ma an tabbatar ta rabu da ita tun 2013, amma a bakin kogin Shari karnuka kusan 2,000 aka samu da ita a 2019 kaɗai. Ana kyautata zaton daga kayan cikin kifi da masunta ke zubarwa suke ɗaukarta, sannan su mayar da ita ruwan da mutane ke sha. Yaron da mahaukacin kare ya ciza a hanyar makaranta ba shi ya zaɓi a ajiye karen ba, kuma ba shi ya ci moriyar gadinsa ba.

Duk da wannan jerin laifuka, wanda ya ce kare ba shi da amfani bai yi adalci ba, kuma amfanin da ya fi tabbata shi ne na kare mai sana'a. A Namibiya, cibiyar ceton rabbi da Laurie Marker ta kafa ta fara raba wa makiyaya manyan karnukan gadi 'yan asalin Turkiyya tun 1994. Ana sa ɗan kwikwiyo cikin garken awaki ya girma tare da su, ya ɗauke su danginsa. Makiyayan da suka karɓa sun ba da rahoton raguwar asara da kashi 80 cikin ɗari ko fiye, kuma wanda bai yi asarar akuya ba ba shi da dalilin harbin rabbi ko zuba wa mushe guba. A nan kare ya zama mai ceton namun daji. Ga karen da ke yi wa makaho jagora, ga wanda ke shinshino mutum a ƙarƙashin ɓaraguzai kamar yadda aka gani bayan girgizar ƙasar Turkiyya da Siriya a 2023, ga na jami'an tsaro da ke gano ƙwaya da abubuwan fashewa. A ƙasar Hausa da kewayenta wannan shi ne karen da aka sani: na mafarauta, na rugar Fulani, na bakin gona, da siririn karen Azawak mai gudu da Buzaye ke alfahari da shi. Shari'a ma a kan wannan layi ta raba. Hadisin da Bukhari da Muslim suka ruwaito ya nuna ladan mai ajiye kare yana raguwa kullum, sai dai in don farauta ne ko tsaron dabbobi ko na shuka. Malaman Malikiyya suna ba da labarin cewa Ibn Abi Zaid, mai littafin Risala, ya ajiye kare lokacin da katangar gidansa ta faɗi, da aka tuna masa cewa Imamu Malik ya karhanta haka, sai ya amsa cewa da Malik ya riski zamaninsu da zaki ma zai ajiye. Ma'aunin dai buƙata ce, kuma abin lura ne yadda ma'aunin masana muhalli ya zo kusa da shi ta wata hanya dabam.

Karen ɗebe kewa shi ne mai wuyar aunawa, kuma a nan ne masoyansa suka fi wuce gona da iri. Hujjar da aka fi kawowa ita ce binciken Jami'ar Upsala ta Suwidin na 2017, wanda ya bi bayanan mutum miliyan 3.4 tsawon shekara 12. Ya nuna cewa cikin masu zaman kaɗaici, masu kare sun fi marasa shi ƙarancin haɗarin mutuwa da kashi 33 cikin ɗari a tsawon lokacin. Adadi ne babba, amma masu binciken da kansu sun ja kunne cewa bai tabbatar kare ne sanadi ba, don mai yiwuwa masu ƙoshin lafiya ne tun farko ke iya ɗaukar ɗawainiyar kare. Sun kuma lura cewa masu karnukan farauta, waɗanda dole a fita da su, su suka fi cin moriya, abin da ke nuna tafiyar ƙafa ce ke yin babban aikin. Ba na raina kewar tsohuwar da ke zaune ita kaɗai a bene na bakwai a Istokholm, wadda ba mai yi mata sallama sai ta fita da karenta. Inda zumunci ya yi rauni, kare yana toshe wata ɓaraka ta gaske. Amma wannan hujja ta kare ɗaya ce, madaidaici, da ake fita da shi. Ba ta halasta uku a gida ɗaya ba, ba ta kuma halasta kiwon irin karnukan nan masu shafaffen hanci ba, waɗanda aka yi ta gyara halittarsu don kwalliya har numfashi ya zame musu wahala.

Wasu za su ce duk wannan karkatar da hankali ne, don idan aka kwatanta da jiragen sama da masana'antu da tashoshin kwal, kare bai taka kara ya karya ba. Ta fuskar ɗumamar yanayi suna da gaskiya, lissafin Edinbara ma bai ba busasshen abincin dabbobin gida fiye da kashi 3 cikin ɗari na abin da noma ke fitarwa a duniya ba. Amma kyarkecin Habasha da yaron da aka ciza ba sa cikin wannan kaso, kuma su kare ne babbar matsalarsu. Wasu kuma daga ɗaya ɓangaren za su ce to a kashe karnukan titi a huta. An gwada wannan a ƙasashe da dama bai yi magani ba. Muddin bola na nan, wasu karnukan za su cike gurbin cikin ɗan lokaci, masu karnuka kuma sukan ɓoye nasu ko su kai su wani gari, cutar ta ƙara yaɗuwa. Abin da ya yi aiki shi ne allura. Idan aka yi wa kashi 70 cikin ɗari na karnukan yanki rigakafi, cutar hauka takan rasa hanyar wucewa. An gwada haka a Njamena a 2012 da 2013, aka yi wa karnuka kimanin 20,000 allura kyauta kowace shekara, sai cutar ta ɗauke daga birnin na tsawon watanni, ba ta dawo ba sai ta hanyar karnukan da aka shigo da su daga waje. Yi wa kare allura ya fi sauƙin kuɗi nesa ba kusa ba a kan jerin alluran da ake yi wa mutum bayan cizo, waɗanda sau da yawa ma babu su a asibitin karkara.

Nauyin da ke kan mai kare, ke nan, abu ne da za a iya lissafawa. Girman kare shi ne farkon zaɓi, don mai kilo 40 yana cin ninkin mai kilo 15 ko fiye. Sai abin da ke cikin kasko: kaza da kifi da hatsi sun fi naman shanu da na rago sauƙi ga ƙasa, kuma kare, saɓanin kyanwa, cikinsa na narkar da hatsi sosai, shi ya sa karen ƙauye ke rayuwa da tuwo. Sai allurar rigakafi a kan lokaci, da dandaƙa ko tiyatar hana haihuwa don kada a zubar da kwiyakwiyi a kwararo, da ɗaurewa kusa da gandun daji da wurin wasan yara, da kwashe kashi, da ɗiga maganin ƙuma sai in akwai ƙumar. Wannan ya shafi biranenmu fiye da yadda ake zato. A Abuja da Kaduna da Kano, tsoron ɓarayi ya sa kasuwar manyan karnukan waje ta buɗe, har da masu kaurin gashi 'yan asalin tsaunukan Kokeshas masu ƙanƙara, waɗanda ake kullewa a keji cikin zafin watan Afrilu ana ciyar da su abincin buhu da aka yi oda. Karen gida da ya saba da rana da kaska, wanda ke ƙoshi da ragowar tukunya, zai yi haushin da ake buƙata a kan kaso kaɗan na wannan kuɗi. Abin da ya rasa shi ne allura, alhali kuwa Cibiyar Binciken Lafiyar Dabbobi ta Ƙasa da ke Vom a Jihar Filato tana sarrafa ta, kuma a kowace 28 ga Satumba, ranar yaƙi da cutar haukan kare ta duniya, likitocin dabbobi a jihohi da dama kan yi ta kyauta ga duk wanda ya kawo karensa.